Garuruwan da Tafkin Kainji ya Haɗiye: Yadda Na'ura za ta Nuna Mana Inda Ƙafa ba ta Zuwa

Gabatarwa

Wata rana na shiga kwalekwale da wasu ɗalibaina a kudu da Yelwa domin mu ɗebi ruwan tafki mu auna yawan iskar oksijin da ke cikinsa. Da muka yi nisa da gaɓa, sai dattijon da ke tuƙa mu ya tsayar da filafili, ya nuna ruwan da ke ƙarƙashinmu, ya ce, "Malam, nan da ka gani kasuwar garinmu ce. Can kuma inda kututturen nan ya leƙo, nan ne ƙofar gidan mahaifina." Na ce, "Baba, yaya aka yi ka gane wurin, alhali ko'ina ruwa ne?" Ya ce da tsaunin da ke gabas da kuma kututturen yake kwatance. Ɗaliban suka leƙa, ba su ga komai ba sai inuwar fuskokinsu.

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan yadda kimiyyar zamani ke iya nuna wa jama'a wuraren tarihi irin wannan, waɗanda ba a iya zuwa a gan su da ido. Za mu duba abin da Tafkin Kainji ya rufe a ƙasar Yauri da Ngaski da Shanga, da abin da ruwa ke yi wa kufai, da irin na'urorin da ake amfani da su wajen gano shi. Daga ƙarshe za mu nuna cewa akwai wani muhimmin ɓangare na wannan aiki wanda ɗalibin sakandare da malaminsa za su iya yi da wayar da ke aljihunsu, kuma shi ne ɓangaren da ba ya jiran jinkiri.

Abin da ruwa ya rufe

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara a shekarar 1964, aka kammala a 1968, domin samar wa Nijeriya wutar lantarki. Ruwan da aka tare ya yi baya ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 136, tun daga bakin madatsar har zuwa wajen Yelwa, faɗinsa kuwa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,270. Kimanin mutum 44,000 aka tasa daga garuruwa da ƙauyuka sama da 200, aka mayar da su sababbin matsugunai. Tsohuwar Busa, inda Bature ɗan yawon bincike Mungo Park ya halaka a 1806, ta nutse gaba ɗaya, aka gina Sabuwar Busa a madadinta. A ƙasar Yauri kuwa, waɗanda abin ya fi shafa su ne Gungawa, wato mutanen da ke zaune a kan gungunan da ke tsakiyar kogi, suna noman albasa da gero da shinkafa, suna kuma su. Haka nan ya shafi Kambari da Lopawa da Shangawa da sauran mazauna bakin kogi.

Kafin ruwa ya cika, masana kufai, wato masu binciken tarihi ta hanyar tona tsofaffin matsugunai, sun yi rige-rige da shi. Jami'ar Ibadan ta gudanar da aikin ceto kayan tarihi a wannan yanki a shekarun 1960, kuma a 1968 wata tawaga daga Jami'ar Kolorado ta Amurka ta tona wani tudun kufai da ake kira Baha. A wani tudu kusa da Yelwa an tono tukwane da kayan ƙarfe da 'yan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu, waɗanda awon kimiyya ya nuna cewa an yi su ne tsakanin ƙarni na biyu da na bakwai na Miladiyya. Ma'ana, mutane na zaune a wannan gaɓa, suna ƙira suna ginin tukwane, fiye da shekara 1,300 da suka wuce. Sai dai wuraren da aka samu damar tonawa kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da waɗanda ruwa ya riga masana isa.

Abin lura shi ne, a daidai waɗannan shekaru, wato 1964 zuwa 1968, ƙasar Masar ta yanka ɗakunan tarihi na Abu Simbel gunduwa-gunduwa fiye da 1,000, ta ɗaga su mita 65 zuwa kan tudu domin kada ruwan madatsar Aswan ya ci su. Hakan ya yiwu ne saboda da dutse aka sassaƙa su, kuma ƙasashen duniya sun tara kuɗi ƙarƙashin hukumar UNESCO. Garuruwanmu kuwa na ƙasa ne da ciyawa, ba a yanka su a ɗauka.

Dalilan da ke hana zuwa

Dalili na farko shi ne ruwan kansa. A wasu wurare kusa da madatsar zurfinsa ya kai kimanin mita 60. Bugu da ƙari, ba a sare dukan itatuwan da ke cikin kwarin ba kafin ruwa ya cika, saboda haka kututturansu na nan a ɓoye, suna yaga tarun masunta, suna fasa jirage. Mutanen Ngaski ba su manta da haɗarin ranar 26 ga Mayu, 2021 ba, lokacin da jirgin da ya nufi Wara ɗauke da mutum sama da 150 ya kife, kaɗan ne suka tsira. Babu shugaban makarantar da zai so ya zuba ɗalibai arba'in a jirgi domin kallon wurin da ko an je ba a ganin komai.

Dalili na biyu shi ne tsaro. Birnin Yauri, tsohuwar hedikwatar masarauta kafin fada ta koma Yelwa a 1888, yana kan tudu, kuma sauran ganuwarsa na nan. A wannan gari ne 'yan'uwan nan biyu Turawa, Richard da John Lander, suka sauka a 1830 suna neman takardun Mungo Park. Amma tun bayan sace ɗalibai da aka yi a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta garin a watan Yuni na 2021, iyaye da malamai sun ƙara taka-tsantsan da tafiye-tafiyen ɗalibai, kuma suna da gaskiya.

Dalili na uku ya shafi fannina na ilmin halittu, wato ɓarnar da mai ziyara ke yi ba da saninsa ba. A ƙasar Faransa akwai wani kogo da ake kira Lasko, wanda wasu samari huɗu suka gano a 1940, mai ɗauke da zanen dabbobi da aka yi kimanin shekara 17,000 da suka wuce. An buɗe shi ga jama'a a 1948, har ta kai mutum 1,200 kan shiga a rana guda. Numfashin ɗan'adam yana fitar da iskar kabon dayoksaid da tururi, jikinsa yana ɗumama wuri, takalminsa kuma yana shigo da ƙwayoyin halitta daga waje. Ba da daɗewa ba gansakuka ta fara bin bango. A 1963 aka rufe kogon. Maimakon a hana jama'a gani baki ɗaya, sai aka gina kwaikwayonsa kusa da shi a 1983, sannan a 2016 aka buɗe wani sabo wanda aka yi bisa awon na'ura mai ƙwaƙwalwa, ta yadda kowane lungu da tudu na bangon ya fito kamar na asali. Darasin da ke nan shi ne, idan ba za a iya kai mutane wuri ba, ana iya kawo musu wurin.

Me ruwa ke yi wa kufai?

Kafin a nemi abu, ya kamata a san ko yana nan. Ginin ƙasa ba ya jure jiƙa. Bangon ɗaki da rumbu da ganuwa sukan narke cikin ɗan lokaci su zama tarin laka. Abubuwan da ke jurewa su ne tsingaro, da dutsen niƙa, da duwatsun murhu, da kashin maƙera, da duwatsun harsashin gini. Tudun kufai ma yakan riƙe siffarsa, domin tarin ƙasa da tsingaro ne na ɗaruruwan shekaru.

Icce kuwa ya danganta ne da inda ya kwanta. Abubuwan da ke ruɓar da icce su ne fumfuna da bakteriya da ƙwari, kuma mafi yawansu suna buƙatar iskar oksijin. A lokacin zafi, ruwan saman tafki yakan ɗumama ya yi sauƙi, ya kwanta a kan ruwan ƙasa mai sanyi da nauyi, su daina gauraya. Ƙwayoyin halittar da ke cin matattun ganyaye a ƙasa sai su shanye oksijin ɗin da ke can. Saboda haka turmi ko kwalekwalen da laka ta binne a wuri mai zurfi zai iya daɗewa fiye da ɗan'uwansa da aka bari a tudu, inda gara za ta gama da shi cikin 'yan shekaru.

Wurin da ya fi haɗari ga kayan tarihi shi ne gaɓa. Kogin Kwara yana kawo ambaliya biyu a shekara. Ta farko, wadda ake kira farin ruwa, tana zuwa ne daga wajen Agusta, daga ruwan saman ƙasashenmu, ɗauke da laka. Ta biyu, baƙin ruwa, tana isowa ne daga wajen Disamba, bayan ta taso daga tsaunukan ƙasar Gini ta zube lakarta a fadamun ƙasar Mali. Tsakanin cikar tafki da janyewarsa, ruwa kan yi sama da ƙasa da kusan mita 10 a shekara. Duk abin da ke cikin wannan tazara yana jiƙewa ya bushe kowace shekara, igiyar ruwa na zaizaye shi, shanu na tattake shi, garma na juya shi. Amma kuma a nan ne kufai ke leƙowa na 'yan makonni idan ruwa ya janye, a sami damar ɗaukar hotonsa.

Gani da kunne

Ruwan Kainji gurɓatacce ne, musamman a lokacin farin ruwa, don haka ko mai nutso ya sauka da fitila ba zai ga nesa ba. Halittun ruwa sun riga mu warware wannan matsala. Kifin nan da masunta ke kira yauni ko ɗan sarki yana fitar da lantarki mai rauni daga wutsiyarsa sau ɗaruruwa a sakan guda, yana kuma jin yadda abubuwan da ke kewaye da shi ke sauya tafiyar lantarkin, ta haka yake gane hanya da abinci a cikin duhu. Wani masani a Jami'ar Kambirij, Hans Lissmann, shi ne ya fara bayyana lantarkin wannan kifi a 1951. Jemage kuwa da sauti yake yi: yana ƙara, yana sauraren amsa-kuwwa.

Dabarar jemage ce ake amfani da ita a na'urar amsa-kuwwa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 1,500 a sakan guda a cikin ruwa mai ɗumi. Idan na'urar da ke jikin jirgi ta aika ƙara, ta dawo bayan kashi 2 cikin 100 na sakan, to sautin ya yi tafiyar mita 30 zuwa da dawowa, wato zurfin wurin mita 15 ne. Ɗalibi zai iya gwada lissafin da kansa: a ninka gudun sauti da lokaci, a raba biyu. Idan jirgi ya yi ta kai da kawowa a layi-layi kamar mai huɗa, yana auna dubban wurare, kowane awo kuma ana haɗa shi da matsayin jirgin da tauraron ɗan'adam ya nuna, sai kwamfuta ta zana taswirar ƙasan tafki, tudu da kwari. Akwai kuma wata iri da ke watsa sauti ta gefe biyu kamar mafici. Abu mai tauri kamar dutse yana mayar da sauti da ƙarfi, laka kuwa tana shanye shi, kuma duk abin da ya taso yana barin inuwa a bayansa. Da wannan ake gane tudun kufai, da tsohuwar hanyar kogi, da jirgin da ya nutse. Irin wannan taswira tana da amfani biyu, domin za ta nuna wa matuƙan jirage inda kututture yake.

Gani daga sama

Ba a gina madatsar ruwa sai an auna ƙasa, saboda haka akwai taswirori da hotunan jirgin sama da aka yi kafin 1968, masu nuna gungu da gari da gona kamar yadda suke a da. Idan aka shigar da tsohuwar taswira cikin kwamfuta, aka daidaita ta da ta yau ta hanyar alamomin da ba su gusa ba, kamar tsauni ko mahaɗar hanya, to ana iya ɗora ɗaya kan ɗaya. Mai kallo sai ya ja yatsa a fuskar waya, ruwa ya janye, garuruwa su fito da sunayensu.

Taurarin ɗan'adam na Landsat sun fara ɗaukar hoton duniya a 1972, kuma tun 2008 kowa na iya samun hotunansu kyauta. Na Sentinel-2, da ƙasashen Turai suka fara harbawa a 2015, suna ɗaukar hoton wuri ɗaya kusan kowane kwana biyar, kowane ɗigo a hoton yana wakiltar mita 10. Wannan bai isa a ga tukunya ba, amma ya isa a ga layin ganuwar birni, a kuma bi diddigin yadda gaɓa ke matsawa shekara bayan shekara. Da irin waɗannan hotuna ne ɗalibi zai iya kallon tsibiran Foge da suka rage a tsakiyar tafki, waɗanda aka sanya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2008 saboda tsuntsayen da ke sauka a kansu, ba tare da ya tayar da ko tsuntsu ɗaya daga sheƙarsa ba.

Awo da hotuna

Mai karatu ya miƙa yatsa a gabansa, ya rufe idon dama, sannan ya buɗe ya rufe na hagu. Zai ga yatsan yana tsalle. Kowane ido yana kallon abu daga kusurwa daban, ƙwaƙwalwa kuma tana amfani da wannan bambanci ta auna nisa. Haka kwamfuta ke yi da hotuna. Idan aka kewaya tsohuwar tukunya ana ɗaukar ta hoto 50 ko 60, kowane hoto yana maimaita kusan kashi biyu cikin uku na abin da ke cikin na bayansa, manhaja za ta nemo ɗigo iri ɗaya a hotuna daban-daban, ta lissafa matsayinsa, ta gina siffar tukunyar da tsawonta da faɗinta da kaurinta. Daga nan ana iya juya ta a fuskar waya, a leƙa cikinta, a auna bakinta. Wayar hannu mai kyamara mai kyau tana iya wannan aiki. Ga babban wuri kamar ganuwa, akan yi amfani da ƙaramin jirgi mara matuƙi, wanda tashinsa sai da izinin hukuma.

An riga an ga amfanin irin wannan tattarawa a Afirka ta Yamma. A watan Nuwamba na 2022 aka buɗe shafin Digital Benin, wanda ya haɗa bayanin kayan tarihin masarautar Benin guda 5,246 da ke warwatse a cibiyoyi 131 cikin ƙasashe 20, tare da sunayensu a harshen Edo. A wannan shekarar kuma aka sanya shafuka fiye da 40,000 na rubuce-rubucen Tambutu a dandalin Google Arts & Culture. Kayan da aka tono a kwarin Kainji suna ajiye a ɗakunan da ke nesa da Yauri, kuma galibin jikokin masu wurin ba su taɓa ganinsu ba. Babu wani dalili na kimiyya da zai hana a yi musu irin wannan aiki.

Taskar da ta fi saurin salwanta

Duk na'urorin da muka ambata suna da iyaka guda. Na'urar amsa-kuwwa za ta nuna tudu a ƙarƙashin ruwa, amma ba za ta ce wannan kasuwa ce, wancan maƙabarta ce, can kuma dandalin kokawa ne ba. Wannan ilmi yana cikin kawunan mutane irin dattijon da ya tuƙa mu. Wanda yake ɗan shekara 15 a 1968 ya haura shekara 70 a yau. Tsingaron da ke ƙasan tafki zai iya jira shekara ɗari, takardun da ke gidan adana tarihi na ƙasa a Kaduna ma za su jira, amma waɗannan dattawa kullum raguwa suke yi.

Wasu sun fara wannan aiki tun da. Wani jami'in mulkin mallaka, P. G. Harris, ya wallafa bayani kan al'ummun Yauri a 1930. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan ƙasar Ngaski wanda ya shugabanci Jami'ar Sakkwato, ya rubuta kundin digirinsa na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968 kan tarihin Yauri a ƙarni na 19. Sai dai waɗannan ayyuka da Turanci suke, kuma ba su ƙunshi sunan kowane gungu da kowace mashaya da kowane gurbin kifi ba. Harsunan da ke riƙe da waɗannan sunaye su ma suna ja da baya. Gungawa suna kiran kansu Bareshe, harshensu kuma Tsureshe, amma da yawa daga 'ya'yansu Hausa suke tashi da ita. Haka abin yake ga harshen Shanganci. Idan kalma ta ɓace, ilmin da ke cikinta kan bi ta. A matsayina na mai nazarin halittu, ina buƙatar sanin inda ayu ke kiwo da inda dorina ke kwana kafin a yi tafki, da irin kifayen da ke hawa gurguzun duwatsu su yi ƙwai, domin da wannan ne za a auna yadda tafkin ya sauya rayuwar kogi. Masuntan da suka ga wancan zamani su ne kaɗai shaidu.

Hattara

Hausawa na cewa kowane allazi da nasa amanu. Matsala ta farko ita ce ɓarayin kayan tarihi. An yi wa wuraren Nok da na ƙasar Katsina da Sakkwato mummunar haƙa domin sayar da mutum-mutumin yumɓu a ƙasashen waje, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sanya su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Duk wanda ya wallafa ainihin matsayin tudun kufai a intanet ya zana wa ɓarawo hanya. Saboda haka akan nuna yanki kawai, a bar cikakken matsayi a hannun hukuma. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta haramta tona irin waɗannan wurare ba da izini ba, ta kuma haramta fataucin kayansu.

Ta biyu ita ce haƙƙin masu wuri. Akwai kaburbura da wuraren al'ada da mutanensu ba sa son a nuna wa kowa. Sai an nemi izini, kuma idan an ce a'a, a haƙura.

Ta uku ita ce ruɗu. Kwamfuta na iya zana kyakkyawan gari da bai taɓa wanzuwa ba, musamman yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke haɗa hoto cikin sakan kaɗan. Ƙa'idar kimiyya ita ce a bambanta abin da aka auna, da abin da aka ji daga bakin shaida, da abin da aka yi hasashe, ko da ta hanyar ba kowanne launinsa.

Ta huɗu ita ce isar da saƙo. Aikin da ba ya buɗuwa sai da intanet mai ƙarfi ba zai amfani ɗalibin Shanga ko Wara ba, duk da cewa wutar da ƙasa ke sha daga ruwan da ya ci garin kakansa take fitowa. Dole a yi shi ƙarami, wanda za a iya turawa daga waya zuwa waya, da murya cikin Hausa da Tsureshe da sauran harsunan yankin. A kuma tuna cewa waya tana lalacewa, katin ajiya yana ɓata, don haka a ajiye kwafi uku a wurare daban-daban, ɗaya daga ciki a kan takarda.

Abin da makaranta za ta iya yi

Malamin tarihi da na labarin ƙasa da na ilmin halittu za su iya haɗa kai su ba ɗalibai aikin hutu kamar haka:

1. A sanar da hakimi ko mai gari, a kuma nemi yardar dattijo ko dattijuwar da za a yi hira da su. Ɗalibai mata su nemi tsofaffin mata, domin su ne suka san mashaya da wurin ɗibar yumɓu da waƙoƙin daka.

2. A ɗauki murya a wuri mara hayaniya. A fara da faɗin rana da wata da shekara da sunan garin da ake hira. A bar mai magana ya yi da harshen da ya fi so.

3. A roƙe shi ya zana tsohon gari a ƙasa da tsinke, ya nuna gabas, da kogi, da kasuwa, da unguwanni. A ɗauki hoton zanen daga sama, a kwafe shi a takarda.

4. A tambayi sunayen kifaye da itatuwa da tsuntsayen da ake gani a da, da waɗanda aka daina gani.

5. Idan an tarar da tsingaro ko dutsen niƙa a gaɓa, a ajiye abin awo kusa da shi, a ɗauki hoto, a bar shi a inda yake. Abin da aka ɗauke daga mazauninsa ya rasa rabin labarinsa. Kada ɗalibi ya tona, kada kuma ya shiga ruwa.

6. A mayar wa dattijon da iyalinsa kwafin abin da aka ɗauka, a ajiye wani a makaranta.

Kammalawa

Mun ga cewa ana iya auna ƙasan tafki da sauti, a kalli gaɓa daga sararin samaniya, a kuma gina siffar kayan tarihi daga hotuna. Waɗannan ayyuka na jami'o'i ne da hukumomi irin Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke Sabuwar Busa, wadda ta samo asali daga aikin binciken Tafkin Kainji da aka fara a 1968, kuma suna buƙatar kuɗi da ƙwararru. Amma duk ranar da aka zana taswirar ƙasan tafkin, za a nemi sunayen da za a rubuta a kanta, kuma ba za a same su ba sai in wani ya riga ya ɗauke su daga bakin masu su. Idan makarantu goma a Yauri da Ngaski da Shanga suka yi hira da dattawa goma-goma a hutu mai zuwa, an sami shaidu ɗari. Hausawa na cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ɗalibin da ke da kaka ko kakan da aka haifa a gungu, ya caja wayarsa, ya je gaisuwa a wannan mako.